Cututtukan duhun fata marasa sanannen dalili

Cututtukan duhun fata marasa sanannen dalili rukuni ne na cututtukan fata da ke sa wasu sassan jiki su yi tabo mai ruwan toka, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko baƙi mai sirkin shuɗi, a jikin mutumin da ba a haife shi da tabon ba, kuma ba tare da an ga ciwo, ƙuna ko ƙurajen da suka riga tabon fitowa ba. Tabon shafaffe ne, ba ya tasowa sama da sauran fata, kuma galibi ba ya zafi. Cututtuka biyar aka fi sanyawa a wannan rukuni: cutar toka, erythema dyschromicum perstans da ake taƙaitawa EDP, lichen planus pigmentosus da ake taƙaitawa LPP, duhun fata na Riehl, da kuma ɗigon duhu mai fesowa wanda likitoci ke taƙaita sunansa da IEMP.

An fi ganin waɗannan cututtuka a jikin baƙaƙen fata da wankan tarwaɗa, musamman a Kudancin Asiya, Latin Amurka, Gabas ta Tsakiya da Afirka. Ba a ɗaukarsu daga wani, kuma ba sa barazana ga rai. Sai dai tabon kan fito a fuska da wuya, inda ba ya ɓoyuwa, kuma yakan yi shekaru bai gushe ba, abin da ke jefa masu shi cikin damuwa da ƙauracewa mutane. Likitocin fata sun daɗe suna saɓani a kan ko cututtuka ne daban-daban, ko kuwa cuta ɗaya ce da aka raɗa wa sunaye da yawa a ƙasashe mabambanta.

Yadda tabon ke samuwa

Fata tana da manyan shimfiɗu biyu: ta sama, wadda ake kira epidamis, da ta ƙasa, wadda ake kira damis. Sinadarin da ke ba fata launi shi ne melanin, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu suna melanosayit ne ke yin sa a layin ƙarshe na shimfiɗar sama, daidai kan iyakarta da ta ƙasa. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin baƙi da fari. Bambancin yana ga yawan melanin da suke fitarwa da yadda yake rarrabuwa.

A yawancin cututtukan wannan rukuni, ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke far wa wannan layi na kan iyaka. Idan ƙwayoyin layin suka lalace, sai melanin da ke cikinsu ya zube zuwa shimfiɗar ƙasa, inda wasu ƙwayoyi masu aikin share datti ke haɗiye shi. Ƙwayar da ta cika da melanin ta wannan hanya ita ake kira melanofej.

Wannan ne ke bayyana halaye uku na tabon. Na farko, launinsa: melanin da ke can ƙasa yakan bayyana ga ido kamar toka ko shuɗi-shuɗi saboda yadda haske ke warwatsuwa kafin ya fito daga zurfin fata, alhali wanda ke sama ruwan ƙasa yake bayyana. Na biyu, daɗewarsa: shimfiɗar sama tana sabunta kanta kusan duk wata, launin da ke cikinta yana zubewa tare da tsofaffin ƙwayoyi, amma shimfiɗar ƙasa ba ta yin haka. Na uku, taurin kansa ga magani: mayukan hasken fata suna rage aikin melanosayit ne a shimfiɗar sama, ba sa kaiwa ga launin da ya riga ya nutse.

Tarihin sunayen

Mafi daɗewa a cikin sunayen shi ne na Riehl. A shekarar 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitan fata Gustav Riehl ya bayyana wasu marasa lafiya a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya waɗanda fuskokinsu suka yi duhu, musamman goshi da gefen fuska. Ya zargi gurɓataccen abincin da aka koma ci saboda yaƙi. Daga baya ne aka gano cewa irin wannan duhu yakan biyo bayan abin da ake shafawa a fata. A shekarar 1970 likita Osmundsen ya ruwaito a ƙasar Danmak cewa wani sinadarin ƙara hasken tufafi da aka sa a garin sabulun wanki ya jawo wa mutane ƙaiƙayin fata, wasu ƙalilan daga cikinsu kuma fatarsu ta yi duhu. A Japan, inda mata da yawa suka yi fama da duhun fuska bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Hideo Nakayama da abokan aikinsa sun nuna a shekarun 1970 cewa turaruka da launukan da ke cikin kayan kwalliya ne sanadi. Cutar ta ragu sosai a ƙasar bayan kamfanoni sun cire waɗannan sinadarai.

A shekarar 1957 likita Oswaldo Ramírez ya bayyana wata cuta a El Salbado, ya kira masu ita los cenicientos, wato masu launin toka, daga kalmar Sifaniyanci ceniza mai ma'anar toka. Daga nan sunan cutar toka ya samo asali. A shekarar 1961 Jacinto Convit da abokan aikinsa a Benezuwela suka bayyana irin wannan tabo, amma suka lura cewa sabon tabon yana da siririn jan baki. Sunan da aka ba shi, erythema dyschromicum perstans, haɗin Girkanci ne da Latin: kalmar farko na nufin ja, ta biyu gurɓacewar launi, ta uku kuma abin da ya ƙi gushewa.

A shekarar 1974 L. K. Bhutani da abokan aikinsa a New Delhi suka wallafa bayanin marasa lafiya 40 masu tabon toka-toka. Da yake wasu cikinsu suna da cutar lichen planus, mai fito da ƙuraje shafaffu masu ƙaiƙayi, kuma abin da aka gani a madubin likita ya yi kama da nata, sai suka ɗauki tabon a matsayin wani nau'inta, suka kira shi lichen planus pigmentosus. Kalmar lichen sunan wani tsiro ne mai kama da gansakuka da ke manne wa duwatsu da bawon itatuwa, planus na nufin shafaffe, pigmentosus kuma mai launi. Ɗigon duhu mai fesowa kuwa, Robert Degos da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a Faransa a shekarar 1978.

Kenan kowane suna ya fito ne daga abin da wani likita ya gani a ƙasarsa da zamaninsa: wani ya sa suna da launi, wani da bakin tabo, wani da cutar da ya ga ta yi kama da ita, wani kuma sunan likitan ne ya bi cutar.

Rabe-rabe da alamomi

Cutar toka da EDP. Tabon yana da launin toka, zagayayye ko mai siffar ƙwai, yana farawa ƙarami ya riƙa faɗi a hankali har wasu su haɗe. Ya fi fitowa a gangar jiki, wuya da damatsa, a ɓangarorin jiki biyu daidai wa daida. Ba ya taɓa tafin hannu, tafin ƙafa, farce, fatar kai ko cikin baki. A EDP sabon tabo yana da jan baki siriri kamar zare, mai ɗan tasowa, wanda ke ɓacewa bayan wasu watanni. Yara da manya duk suna kamuwa. A jikin yara yakan gushe da kansa cikin shekara biyu zuwa uku, a jikin manya kuwa yakan daɗe.

LPP. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 30. Yakan fara a gefen goshi, gaban kunne da wuya, wato wuraren da rana ke bugu, launinsa daga ruwan ƙasa mai duhu zuwa toka mai sirkin shuɗi. Wani lokaci akan ji ɗan ƙaiƙayi. Yakan lafa ya sake tashi. Wani binciken marasa lafiya 124 da aka wallafa daga birnin Chandigarh na Indiya a shekarar 2003 ya nuna fuska da wuya ne ya fi shafa. Akwai nau'in da ke fitowa a lungunan jiki kamar hammata, matsematsi da ƙarƙashin nono, wanda aka bayyana a tsakiyar Turai a shekarar 2001. A shekarar 2013 Ncoza Dlova, likitar fata a birnin Durban na Afirka ta Kudu, ta nuna alaƙa tsakanin LPP da wata cutar zubewar gashin gaban goshi mai barin tabo, inda duhun fuska kan riga zubewar gashin bayyana.

Duhun fata na Riehl. Ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru. Yana fitowa kamar raga ko ɗigo-ɗigo a goshi, gefen fuska da gefen wuya. Sau da yawa ɗan ja da ƙaiƙayi marar tsanani kan riga shi, har mai shi ya manta an yi.

Ɗigon duhu mai fesowa. Cutar yara da matasa ce. Ɗigo masu ruwan ƙasa, zagayayyu, waɗanda ba sa haɗewa, kan feso a wuya, gangar jiki da cinyoyi ko damatsa, sannan su gushe da kansu bayan watanni ko 'yan shekaru. Launinsu ya fi zama a shimfiɗar sama, shi ya sa masana da yawa ke ware shi daga sauran huɗun.

Muhawara kan rabe-raben

Masana sun kasu gida biyu. Masu rarrabewa suna cewa wurin fitowa, launi, shekarun mai cutar da jan baki sun isa su raba cututtukan. Wani bincike da aka yi a Meziko a shekarar 1992, wanda ya kwatanta cutar toka da LPP, ya goyi bayan haka. Masu haɗewa kuwa suna cewa a ƙarƙashin madubin likita abu guda ake gani, wato lalacewar layin kan iyaka da melanofej a shimfiɗar ƙasa, kuma mutum ɗaya kan iya nuna alamomin biyu ko uku a lokaci guda. Suna ƙara da cewa jan bakin EDP ba ya daɗewa, kuma da wuya a gan shi a baƙar fata, don haka tabo ɗaya zai iya samun suna daban gwargwadon lokacin da aka je asibiti da kuma launin mai shi.

A shekarar 2019 mujallar International Journal of Dermatology ta wallafa matsayar da wasu ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka cimma ƙarƙashin jagorancin Prasad Kumarasinghe. Matsayar ta bar tsofaffin sunayen, amma ta fayyace iyakokinsu: a kira tabo EDP idan an ga jan baki ko an tabbatar ya taɓa kasancewa, a karkata ga LPP idan akwai alamar lichen planus a yanzu ko a baya, idan kuma an gano sinadarin da ya jawo duhun, a kira shi duhun fata na taɓa sinadari. Wanda bai dace da ko ɗaya ba a bar shi ƙarƙashin babban sunan rukunin har sai an ga yadda zai kasance.

Likitocin fata a Indiya sun kawo wani babban suna da ake taƙaitawa ADMH, ma'anarsa shafaffen duhun da ke shimfiɗar ƙasa ta fata wanda aka samu daga baya. Sun fi son a raba shi gida biyu kawai: wanda gwaji ya nuna fata ba ta jituwa da wani sinadari, da wanda bai nuna ba. Hujjarsu ita ce wannan rabon ne ke sauya abin da za a yi wa marar lafiya.

Abubuwan da ake zargi

Ba a tabbatar da sanadi guda ba, amma an danganta cututtukan da abubuwa da dama. A Indiya an zargi man mustad da man amla da ake shafawa a gashi da jiki, da jan garin da mata ke ɗigawa a goshi, da rinin gashi. Sinadarin PPD, wanda ke cikin yawancin rinin gashi mai baƙi, yana cikin waɗanda gwaji ya fi kamawa. Shi ne kuma ake gaurayawa da lalle don ya yi baƙi da sauri, kamar dayis da ake yi wa mata zane da shi a ƙasar Hausa da Sudan. Turare da sinadaran hana man shafawa lalacewa su ma suna cikin jerin.

Ga EDP an ruwaito alaƙa da tsutsar ciki, da shan takin zamani mai sinadarin amoniyam naitiret, da ruwan da ake sha kafin ɗaukar hoton ciki, da wani maganin feshi da ma'aikatan gonakin ayaba suka yi mu'amala da shi a Panama. A Meziko an samu cewa wani nau'in ƙwayar gado mai suna HLA-DR4 ya fi yawa a masu cutar. Ga LPP an ruwaito alaƙa da ciwon hanta nau'in C a Kuwait, kuma hasken rana na ƙara masa duhu.

Yadda ake gano cutar

Babu gwaji guda da ke tabbatar da ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka. Ana kai wa gare su ne bayan an kore sauran abubuwan da ke sa fata duhu, mataki-mataki.

Tambayoyi. Likita kan tambayi lokacin da tabon ya fara da inda ya fara, ko an yi ƙaiƙayi, ja ko ƙuraje kafinsa, da dukkan magungunan da aka sha, har da na gargajiya. Haka kuma yakan tambayi man shafawa, sabulu, turare, lalle, rinin gashi, man bilicin da irin sana'ar mutum.

Duba jiki. Ana duba fata duka cikin hasken rana, har da hammata, cikin baki, farce, layukan tafin hannu da gashin gaban goshi da gira.

Fitilar Wood. Haskenta na sa launin da ke shimfiɗar sama ya ƙara fitowa fili, na ƙasa kuwa ba ya sauyawa. Amfaninta kan ragu a fata mai duhu sosai.

Damoskof. Ƙaramin madubi ne mai fitila da ake ɗorawa a kan fata. A waɗannan cututtuka yana nuna ƙananan ɗigo masu ruwan toka ko ruwan ƙasa, waɗanda ke jeruwa su kewaye ramukan gashi da na gumi, su zama kamar raga idan cutar ta yi nisa.

Gwajin manne. Ana zuba sinadaran da ake zargi, har da kayan shafar marar lafiya, a ƙananan faifai a manna su a gadon baya da filasta. Ana cirewa bayan awa 48, a sake dubawa bayan awa 72 zuwa 96. Inda ya yi ja ko ya kumbura, fata ba ta jituwa da wannan sinadari.

Bayofsi. Ana kashe zafin wurin, a ciri ɗan guntun fata mai faɗin milimita 3 zuwa 4, an fi so daga bakin sabon tabo, a duba a madubin likita. Yana tabbatar da cewa launin yana shimfiɗar ƙasa, yana nuna ko cutar na ci ko ta lafa, yana kuma kore wasu cututtuka. Amma shi kaɗai ba ya raba EDP da LPP.

Gwajin jini. Ana yin sa gwargwadon abin da aka zarga, kamar ciwon hanta, ciwon sukari ko ƙarancin bitamin B12.

Cututtukan da ke kama da su

Duhun bayan ciwo, wanda ke biyo bayan ƙurajen fuska, ƙuna, ƙyanda ko cizon ƙwari, shi ne mafi yawa a baƙar fata, kuma yana zama daidai inda ciwon ya kasance.

Melasma tabo ne mai ruwan ƙasa a kumatu, goshi da saman leɓe, wanda ya fi fitowa lokacin juna biyu ko shan ƙwayar tsarin iyali.

Tabon magani mai maimaita wuri zagayayye ne, yana yin ja da ƙaiƙayi a wuri guda duk lokacin da aka sha wani magani, sannan ya bar baƙin tabo. Magunguna masu sinadarin salfa kamar Septrin da Fansidar, da wasu magungunan kashe zafi, suna cikin masu jawo shi, kuma ana yawan ganinsa a Afirka ta Yamma.

Wasu magunguna kan sa duhu idan an daɗe ana sha, kamar kulorokwin, minosaikilin, amiyodaron da kulofazimin da ake ba masu kuturta.

Okuronosis duhu ne mai sirkin shuɗi a kumatu da gefen fuska da ke biyo bayan daɗewa ana shafa man bilicin mai sinadarin haidirokwinon. Findlay da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a Afirka ta Kudu a shekarar 1975.

Baƙin wuya mai kauri da laushi kamar karan-miski, wanda ke fitowa a wuya da hammata, alama ce ta ƙiba ko ciwon sukari, ba datti ba ne.

Cutar Addison tana sa duhu a layukan tafin hannu, dasashi da cikin baki, tare da kasala, rama da faɗuwar jini. Tarin fuka na cikin manyan sanadanta a ƙasashe masu tasowa, kuma tana iya kisa idan ba a gano ta ba.

Ƙarancin bitamin B12 na baƙanta gaɓoɓin yatsu, ƙarancin nayasin kuma na baƙanta wuya da bayan hannu. Kyasbi ma kan zo da duhu, amma yana da ɗan garin da ke tashi idan an kankare shi. Yawan dirzar fata da soso mai kaushi shi ma yana barin duhu a baya da damatsa.

Kulawa da magani

Babu maganin da aka tabbatar yana warkar da kowa. Manufar farko ita ce a tsayar da cutar kada ta ci gaba, sannan a jira launin ya kwanta, abin da kan ɗauki watanni ko shekaru. Idan gwajin manne ya kama wani sinadari, barinsa shi ne babban magani. Ana ba da shawarar kare fata daga rana da man kariya, malafa ko lema, da daina dirza.

Daga cikin abin da likitoci ke gwadawa akwai man takurolimus, man sitiroyid na ɗan gajeren lokaci, da ƙwayoyi kamar dafson, kulofazimin da aisotiretinoyin. Kowannensu yana da illa: kulofazimin shi kansa yana sauya launin fata, aisotiretinoyin kuma yana nakasa ɗan tayi, don haka ba a ba mai juna biyu. Ana amfani da leza idan cutar ta lafa, sai dai a fata mai duhu tana iya ƙara baƙanta wurin. Shafa man bilicin ba tare da likita ba yakan haskaka fatar da ke kewaye ya bar tabon, sai ya ƙara fitowa fili, kuma yana iya jawo okuronosis ko sirancewar fata a kan cutar farko.

Duba kuma

Melanin
Melasma
Lichen planus
Bilicin
Kyasbi